Dutsen Ƙarya a Indiyanafolis

Idan Bahaushe ya zauna lissafa biranen Amurka, sai ya gama da Niyok da Washintan da Shikago kafin ya tuna da Indiyanafolis, in ma ya tuna. Gari ne shimfiɗaɗɗe a tsakiyar gonakin masara da waken suya na jihar Indiyana, tafiyar kamar awa uku a mota daga Shikago, kuma duniya ta fi saninsa da tseren motocin watan Mayu. Amma duk shekara, a ƙarshen Yuli ko farkon Agusta, daga Alhamis zuwa Lahadi, tsakiyar garin kan cika maƙil da wasu irin baƙi: dattawa masu furfura da jakunkuna a baya, iyaye da 'ya'yansu, wani da hular ƙarfe irin ta mayaƙan da, wata da kunnuwan roba masu tsini. Sunan taron Gen Con, abin da ya tara su kuma wasannin kan tebur ne. A 'yan shekarun nan mahalartansa sun haura 70,000. Babban zauren taro na garin ba ya ɗaukarsu, sai an haɗa da filin ƙwallon Lucas Oil da otal-otal ɗin da ke kewaye, waɗanda aka sada da gadoji masu rufi ta sama, har mutum ya yini yana zagaye bai taka kwalta ba.

Ɗan ƙanwata da ke karatu a jihar ne ya ja ni. Tun a mota na ajiye masa tambayoyin da duk ɗan gidanmu zai yi, domin na ji yana ambaton sihiri, na kuma ga ƙwayoyin lido cike da wata 'yar jaka. Ya yi dariya ya ce, "Kawu, ba a sa ko sisi, ba kuma wanda ke kiran aljani. Takarda ce da fensir da lissafi." Na je na gani da idona, haka ɗin ne. Su kansu Amurkawa sun taɓa shan wannan fargaba: a shekarun 1980 wasu iyaye da limaman coci sun tayar da jijiyar wuya cewa wasan ƙofa ce ta bautar Shaiɗan, har shirin 60 Minutes na gidan talabijin ɗin CBS ya ɗauki zancen a 1985. Ƙurar ta daɗe da lafawa.

Wasan da ya fi kowanne suna a wurin shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974. Gygax ɗin ne ma ya assasa taron tun 1968 a ɗan garinsu Lake Geneva na jihar Wiskonsin, da mutum kusan ɗari, kafin taron ya bi ta Milwoki ya yada zango a Indiyanafolis a 2003. Mutum biyar ko shida ne ke zagaye tebur. Kowa da takardarsa mai bayanin wanda yake wakilta, wannan mayaƙi, wannan ɓarawo, waccan matsafiya, da lambobin ƙarfinsa da wayonsa da yawan dukan da zai iya sha kafin ya faɗi. A tsakiya akwai taswira mai gida-gida, kowane gida ƙafa 5, da 'yan mutum-mutumi na roba a kanta. Mutum ɗaya kuma yana zaune a kai, bayan wani kwali mai ninki da ke ɓoye takardunsa. Shi ne alƙalin wasa. Shi ke faɗin abin da ake gani da abin da ake ji, shi ke magana da bakin sarki da bafade da dodo, shi ke yanke hukunci. Tatsuniya ce dai, sai dai masu sauraro na cikinta tsundum, kowa da bakin magana, mai bayarwa kuma bai san inda za ta ƙare ba. In aka zo abin da ba tabbas, sai a jefa ƙwaya mai fuska 20, a haɗa da lambar da ke takarda, a ga ko ta kai.

Idan faɗa ya kaure, ana bi ne layi-layi. Zagaye ɗaya daƙiƙa 6 ne a duniyar labarin, ko da ya ci minti goma a tebur. A kowane zagaye mutum na da babban aiki guda: ko ya kai sara, ko ya jefa sihiri, ko ya tsaya ya duba wani abu. Wannan aiki gudan shi ne jarin kowa, kuma duk rigimar da zan ba da labari a kansa take.

Yawancin sihirin wasan ba ya wahalar da alƙali. Ɗauki Fireball, dunƙulen wutar da kowane ɗan wasa ke ɗokin samu. Littafi ya faɗi komai: tana cin ƙafa 20 ta kowane ɓangare, ana jefa ƙwayar lido 8 a haɗa, wanda ya yi zafin nama ya goce ya sha rabi. Ko ɗan sakandare ka ɗora a kujerar alƙali zai yanke daidai. A rufa-ido ne gizo ke saƙar. Mai shi ba ya ƙona kowa, ba ya sarar kowa. Hoto yake kafawa a sarari, ko ƙara, yana fatan abokin gaba ya yarda. To wa ke cewa abokin gaba ya yarda? Wanda ke bayan kwali, wato mutumin da aka faɗa wa da baki, minti ɗaya da ya wuce, cewa hoton ƙarya ne.

Na fara ganin illar wannan ne da dare a harabar wani otal, inda mutane ke kafa teburansu na ganin dama bayan an tashi daga shirin yini. Wata budurwa ce ke wakiltar matsafiya, ɗan gajeren abokin tafiyarta ya sha kibiya ya kusa faɗuwa, ga goblin huɗu a bakin ƙofa, wasu ƙananan dodanni masu kwari da baka. Ta ce za ta yi Minor Illusion, mafi ƙanƙantar rufa-ido a littafin, wanda ke kafa hoton abu guda da bai wuce ƙafa 5 ta kowane gefe ba, na minti ɗaya. Ta kafa hoton akwatin katako ta lulluɓe mai raunin da shi. Alƙali bai ko ɗaga kai ba. Ya ce goblin na farko ya harbi akwatin, kibiya ta ratsa, sauran ukun sun gani, duk sun gane, suka yi wa yaron ruwan kibau. Ba jifan ƙwaya, ba shakka, ba ko kallon juna tsakanin dodannin. Budurwar ba ta yi gardama ba. Ta ja layi a takardarta, daga nan har aka tashi wuta kawai take jefawa, zagaye bayan zagaye, tana duba wayarta kafin layi ya zo kanta.

Alƙalin nan bai taka ko harafi ɗaya na littafi ba. Goblin na da damar harbin duk abin da ya ga dama, kuma doka ta ce idan wani abu ya ratsa hoton asiri ya tonu. Tambayar da ba a yi ba ita ce: me ya sa ya harbi akwati? Ga mayaƙi tsaye a fili da takobi, ga matsafiya ba sulke, wane maharbi ne zai ɓata kibiyarsa a katako? Wani zai ce ai sun ga akwatin ya ɓullo daga babu. Gaskiya ne. Amma a wannan duniya tasu akwai sihirin da ke tayar da katangar dutse ta gaske, Wall of Stone, wadda in ka ruga cikinta sai haƙoranka sun zube. Wanda ya ga abu ya ɓullo ya san an yi tsafi, bai san wane iri ba. Abin da ya saki kibiyar nan ba tunanin goblin ba ne. Sanin mutumin da ke bayan kwali ne ya tsallaka ya shiga kan dodo.

Akwai kuma masu faɗawa ɗaya ramin. Ɗan ƙanwata ya ce ya taɓa zama teburin da duk faɗan da aka fara, matsafi ya kafa hoton ƙaton maciji mai fukafukai, abokan gaba su watse, sauran mutum huɗu su zauna riƙe da takubban da ba su taɓa zarewa ba. Wannan ma zalunci ne, sai dai waɗanda aka zalunta ba su da wanda za su nuna da yatsa.

Matsalar tana da asali, kuma wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafan wasa ne ya nusar da ni. Kakan waɗannan wasanni shi ne Kriegsspiel, wasan horar da hafsoshi da wani jami'in sojan Furushiya, Georg von Reisswitz, ya gabatar a 1824. A can ɓangare biyu ne ke karawa a kan taswira, kowanne bai ga abin da ɗaya ke yi ba, alƙali na tsakiya yana ganin komai amma ba ya yi wa kowa yaƙi. Idan ja suka yaudari shuɗi, to mutum mai rai ne aka yaudara, alƙali ba ruwansa. Dungeons & Dragons ya gaji alƙalin, sai ya tattara 'yan wasa duka gefe guda, ya ɗora wa alƙali rundunar abokan gaba. Ga sara da suka wannan bai dami kowa ba, ƙwaya ce ke raba gardama. Ga yaudara kuwa, an wayi gari mai shari'a shi ne kuma wanda ake so a ruɗa.

Masu rubuta dokar sun yi shekara hamsin suna kewaya wannan kututture. A littafin 1974, sihirin da ake kira Phantasmal Forces yana iya yin rauni na gaske muddin wanda ya gani ya gaskata. A 1975 wani ɗan wasa mai suna Peter Aronson ya wallafa tsarin matsafin da rufa-ido kaɗai ne sana'arsa a mujallar kamfanin da ke buga wasan, The Strategic Review, aka shigar da shi babban littafi a 1978. A wancan zamani ne aka saba da wata ɗabi'a da dattawan taron ke tunawa suna dariya: duk abin da alƙali ya ambata, dodo ko rami ko tulin zinariya, sai wani ya yi wuf ya ce shi bai yarda ba, don a ba shi damar jifa. Bugun shekarar 2000 ya zo da aikin akawu, ya kasa rufa-ido gida biyar, ya bambanta hoton da kowa ke gani da wanda ke cikin kan mutum ɗaya da wanda ke da ɗan ɓurɓushin gaskiya, ya kuma ce hoto zalla ba ya rauni. Bugun 2014 ya sauƙaƙa: wanda ke shakka sai ya sadaukar da aikinsa na wannan zagaye ya tsaya ya duba, ya jefa ƙwaya, ya haɗa da lambar wayonsa. In ta kai lambar matsafi, hoton ya dushe a idonsa.

Lissafin ba wuya. Ƙaramin matsafi mai matsakaicin shiri lambarsa 13 ce. Goblin, wanda wayonsa na talakan mutum ne, sai ya jefa 13 ko sama, wato sau 8 cikin 20. Ƙaton dodon da ake kira oga, mai ƙarfi ba kai, ana rage masa 3, don haka sai 16 ko sama, sau ɗaya cikin huɗu. Ko ya dace ko bai dace ba, zagayen nan bai doki kowa ba. Tsari ne mai kyau, a ganina. Sai dai ya bar ƙofa guda a buɗe, kuma ita ce babbar: yaushe dodo zai tsaya ya duba? Littafi bai ce ba. Gyaran da kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a 2024 ya raɗa wa aikin dubawar suna na kansa, ya ƙara wa Phantasmal Force kaifi, amma ƙofar tana nan yadda take.

Teburin da ya fi zauna mini a rai na wata mata ce mai kimanin shekara hamsin, da gilashi rataye a wuya da kwalbar ruwa a gefe. Irin zaman awa huɗu ne da ake sayen tikiti, mutum shida da ba su taɓa ganin juna ba. Ɗan ƙanwata na cikinsu, ni ina bayansa a kujera. Kafin a fara ta karɓi takardun kowa ta duba, da ta ga mutum biyu na da rufa-ido sai ta ajiye alƙalami ta yi musu magana ta minti biyu. Ta ce dodanninta za su ɗauki hoto a matsayin gaskiya sai in suna da dalilin shakka, in sun yi shakka za su biya da aikinsu, kuma duk dalilin da ta ba su za ta faɗe shi a fili. Ta ƙara da cewa da wannan mudun za ta auna musu in su aka yi wa. Kowa ya gyaɗa kai, rabinsu ba su san za ta yi amfani ba.

Can tsakiyar labari, jama'ar suka tsinci kansu suna gudu a wani rami na haƙar ma'adinai mai faɗin ƙafa 10, goblin shida da madugunsu da kyarkeci biyu na biye da su, kwana ɗaya ce tsakani. Wani saurayi mai wakiltar matsafi ya ce zai yi Silent Image, ya kafa hoton duwatsu sun zubo sun toshe hanya. Girman ya isa, domin wannan sihiri na cike ƙafa 15 ta kowane gefe. Matar ba ta ce e ko a'a ba. Ta fara tambayarsa me yake so ya faru: su juya ne gaba ɗaya, ko su dakata? Ya ce su dakata, a samu a ɗaure wa mai rauni, a ja daga. Sannan ta tuna masa, ba da gatse ba, cewa hoton nan kurma ne, ba ƙara ba wari. Rufin rami ya rufto taku ashirin a gabanka ba ka ji ko ƙis ba? Madugun nan ba yaro ba ne. Tebur ya yi shiru. Sai ɗan ƙanwata, wanda ɓarawonsa ke da Minor Illusion, ya ce layinsa na gaba da na matsafi, shi zai yi ƙarar. Wannan ƙaramin sihiri ko hoto yake bayarwa ko sauti, ba duka biyu ba, sautin kuma na iya kai rurin zaki. Ya sako rugugin dutse, matsafi ya biyo da hoto.

Ta cire gilashinta ta yi ɗan jim. Abin da take yi a wannan jim ɗin, kamar yadda ta gaya mana daga baya, tambaya ɗaya ce: da a ce duwatsun nan na gaske ne, me waɗannan za su yi? Ta amsa wannan tukuna, kafin ta bar kanta ta tuna ƙarya ne. Goblin suka sha kwana suka ci birki, madugu ya daka tsawa a nemo wata hanya, biyu suka juya da gudu. Zagaye ɗaya ya tafi. Amma kyarkeci ba da ido yake farauta ba. Ta ce su biyun sun tsaya a gindin tulin suna shinshina suna kuka ƙasa-ƙasa, domin hancinsu na gaya musu nama na nan gaba, iska na ratsowa, idonsu kuma na cewa dutse. A zagaye na biyu ɗaya ya cusa hanci, kansa ya nutse cikin dutsen har wuya. Madugu ya gani.

A nan wani ɗan wasa ya ɗaga littafi ya ce shi ke nan an gane, hoton ya dushe wa kowa. Wani ya ce a'a, wanda ya taɓa ne kaɗai. Wannan gardama tsohuwa ce, kalmomin littafin na ɗaukar fassara biyun. Ta yanke cikin daƙiƙa goma: duk wanda ya ga kan kyarkeci ya shige ya san ƙarya ce, amma sani ba gani ba ne. Dutsen na nan a idonsa har sai ya tsaya ya duba ko ya kutsa da jikinsa. Don haka goblin suka riƙa shigowa a makance, ɗaya bayan ɗaya ta ƙuntatacciyar hanya, suna faɗawa kan takubban da ke jiransu. Madugu shi kaɗai ya tsaya ya duba. Ta jefa ƙwayar a fili gaban kowa, ta faɗi 15, ya ga matsafi tsaye a bayan hoton, ya nuna shi da yatsa. Zagaye na gaba kibiya ta samu matsafin, hankalinsa da ke riƙe da hoton ya rabu, duwatsu suka ɓace.

Me sihirin ya saya? Zagaye biyu, daƙiƙa 12, da goblin biyu da suka tafi neman hanyar da babu buƙatarta. Bai ci yaƙin ba, an sha wuya kafin a gama, mutum ɗaya ya faɗi aka tashe shi. Amma sihiri ne na matakin farko, kuma abin da ya samar ya yi daidai da farashinsa. Wannan awon ne na ga alƙalan kirki na yi ko ba su faɗa ba: su dubi abin da wani sihiri mai daraja ɗaya zai yi, su ba rufa-ido kwatankwacinsa, su ƙara in dabarar ta dace da wurin, su rage in ta yi ƙauri. Tulin dutse a ramin ma'adinai abu ne da kowane goblin ya taɓa gani. Giwa a ɗakin kwana kuwa ko oga sai ya yi tantama. Wani tsohon soja a teburin ya kawo misalin rundunar Amurka ta yaƙin duniya na biyu da ake wa laƙabi da rundunar fatalwa, mutum kusan 1,100 masu tankokin roba na hurawa da manyan lasifikoki, waɗanda aikinsu shi ne su nuna wa Jamusawa abin da dama suke tsammanin gani a inda suke tsammaninsa.

Ban yarda da duk abin da matar ta yi ba. Ina ganin ta yi wa kyarkecin nan saurin hankali, dabbar da ido da hanci suka saɓa mata na iya yin zagaye uku tana kewaye. Amma hukuncinta na da dalilin da za a iya kamawa a yi gardama da shi, dalilin kuma daga cikin kan dabbar ya fito, ba daga bayan kwali ba. Na goblin mai harbin akwati ba shi da abin kamawa.

Sai aka juya mudun. Kusa da ƙarshe, mai gidan ramin, wanda shi ma matsafi ne, ya shimfiɗa hoton daɓe a kan wani rami. Wannan ɓangaren ya fi wuya ta wata fuskar, domin yanzu alƙali ne ke yin ƙarya, 'yan wasa kuma ba su da ido sai bakinta. In ta ce akwai daɓe, akwai daɓe. In kuma ta ce wa wani ya jefa ƙwayar bincike haka kawai, ta tona kanta, ko ya jefa 2 kowa ya san akwai lauje cikin naɗi. Wasan Pathfinder na kamfanin Paizo, a bugunsa na 2019, ya warware irin wannan da jifan sirri, alƙali ya jefa a madadinka a bayan kwali. Ita ba ta bi nan ba. Cikin bayanin ɗakin ta saka abu guda: ko'ina ƙura ce da sawun ƙafa, amma tsakiyar ɗakin fes, ba ko taku ɗaya. Ta faɗa sau ɗaya, da murya ɗaya da ta ambaci fitilu da ƙofa. Mutum biyu suka kalli juna. Mayaƙin, wanda hankalinsa na kan matsafin da ke can gefe, ya ce ya ruga. Ƙafa 20 ya faɗa, ƙwayar lido biyu. Ya buɗe baki zai yi magana, na kusa da shi ya ce masa ai ta faɗi zancen ƙura. Ya rufe bakin ya ɗauki fensir ya rage lambarsa.

Akwai wuraren da har yanzu ba a daidaita ba, kuma na lura masu wasan na jin daɗin hakan fiye da yadda suke nunawa. Ɗaya shi ne dabarar akwati: maharbi ya shiga cikin hoton akwatin da shi ya san na ƙarya ne, yana ganin waje ba a ganinsa, ya riƙa harbi yana cin garaɓasar da doka ta ba wanda ba a gani, wato ya jefa ƙwaya biyu ya ɗauki babba. Wasu alƙalai na bari sau ɗaya, su ce kibiyar farko da ta fito daga cikin katako ta ba kowa dalilin shakka. Wasu na bari har sai an zo an taɓa. Ni ina tare da na farko, domin sihirin da ba ya cin komai bai kamata ya riƙa ciyar da mutum har ƙarshen faɗa ba.

Ɗayan kuma shi muka ɗauko muna tsaye a layin motocin sayar da abinci a titi, rana na dukan ƙeya. Shin ƙaramin rufa-ido na iya yin rami a ƙasa? Doka ta ce hoton abu. Rami abu ne, ko rashin abu? Na ce in mai zane na iya zana rami a kan kwalta har mai tafiya ya ja da baya, ban ga abin da zai hana matsafi ba, illa dai a ce daga gefe guda kaɗai zai yi kyau, wanda ya zagayo ya ga shafe ne. Wata mata a bayanmu ta sa baki ta ce ita tana bari amma tana ba dodo jifa kyauta in ya matso. Ɗan ƙanwata, wanda shi ma ke alƙalanci wa abokansa a makaranta, ya ƙi sam. Ya ce hoto na ƙara abu ne a kan abin da ke akwai, ba ya ɗebe ƙasa, in ka bar rami yau gobe za a ce maka an ɓatar da ƙofa, jibi gada. Na ce to ya faɗa wa mutanensa tun kafin a zauna, kamar yadda matar nan ta yi. Ya ce zai faɗa. "Amma Kawu, a teburina dai ramin nan ba ya haƙuwa."